Wasiƙa: Kafin a yi wa motar tsere ta hannu kwalliya, a fara duba lafiyarta

Malam Edita,

Assalamu alaikum, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka baki ɗaya. Ni dai na daɗe ina bibiyar shafinku na motoci amma ban taɓa rubuto muku ba sai yau, kuma abinda ya sa na kasa yin shiru shi ne rubutun da kuka fitar kwanakin baya kan kayan kwalliyar da mutum zai saka in ya sayi mota, su rim da fitilu da salansa da sifika da sauransu, na karanta shi har sau biyu ina neman inda za a ce a fara duba taya ko birki, ban gani ba. Wallahi abin ya tsaya min a rai, don wata huɗu kenan da na sayi motar tsere ta hannu, kuma hanyar da rubutun nan ya nuna ita na bi sak, saura ƙiris in jawo wa kaina da wani bawan Allah abinda ba a fata.

Motar Mazda MX-5 ce ƙirar 2008, 'yar kujera biyu mai rufin tanti da ake naɗewa baya, giyar hannu guda shida. Na yi shekaru ina kallon hotonta ina tara abinda zan tara kafin Allah ya nufa. Ga wanda bai santa ba, a 1989 aka fara nuna ta a bajekolin motoci na Chicago a Amurka, a Hiroshima ta Japan ake ƙera ta, kuma a watan Afrilun 2016 kamfanin ya fitar da ta miliyan ɗaya. Tawa tana cikin zubi na uku ne, wanda aka yi daga 2005 zuwa 2015. Injin lita 2 ne, ƙarfin doki wajen 160, kaga ba wani abin tsoro bane, akwai motocin iyali da yawa da suka fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba. Sirrinta a rashin nauyi yake, kilo 1,100 da 'yan kai ce gaba ɗayanta, an raba nauyin kusan rabi gaba rabi baya, kuma tayoyin baya ne ke tura ta. Masu ƙera ta suna da wata kalma tasu ta Japananci, jinba ittai, wato doki da mahayinsa su zama abu ɗaya, kuma duk wanda ya taɓa tuƙa lafiyayya ya san ba cika baki suke ba.

Satin farko ba zan manta da shi ba. Kana zaune ƙasa-ƙasa kamar ka miƙa hannu ka taɓa kwalta, giya da wuyan hannu kawai kake sa ta ta shige ƙwas, ka ɗan juya sitiyari kaɗan hancin motar ya riga ya bi, in ka sauke rufin da yamma iska tana kaɗa ka sai ka ji duk gajiyar yini ta tafi. Sau uku na wanke ta a satin nan. To amma da daddare fa, maimakon in buɗe littafin motar da ke cikinta in karanta, waya nake riƙewa ina kallon hotunan motocin wasu a intanet, wannan ya sauke tasa ƙasa, wancan ya sa mata manyan rim, wani ya ɗora fiffike a baya, sai zuciya ta fara raya min cewa tawa ba ta cika ba. Ko baƙin mai ban canza ba a lokacin, ban ma san yaushe mai ita na da ya canza na ƙarshe ba, amma har na yi odar kaya kala huɗu.

Na farko da ya iso rim ne mai inci 18, na hannu, da tayoyinsa a jiki, baƙi mai sheƙi. Na kamfani inci 17 ne da taya 205/45. Na biyu akwatin sifika ne na katako da na cusa a but, but ɗin da dama lita 150 ne kacal, ya cinye fiye da rabinsa. Sai salansa mai ƙara, sai kuma sifirin na sauke mota ƙasa wanda Allah ya taimake ni ya makara a hanya.

Tun ranar da aka ɗaura rim ɗin na ji motar ta canza amma na ƙi yarda. Sitiyari ya yi nauyi, tashi daga tsaye sai ta ɗan yi nawa, ƙaramin gargada a titi sai ka ji shi har ƙashin bayanka, in ka shiga kwana mai ɗan tudu-tudu bayan motar kamar yana tsalle yana neman ƙasa. Mutane suna ta yabawa, kowa ya gani sai ya ce kai mota ta yi kyau, ni kuma na bar yabon ya rufe min abinda hannuna da jikina suke gaya min.

Ranar da abin ya faru an ɗan yi yayyafi ne, ba ma ruwa mai yawa ba, irin wanda yake jiƙa kwalta kawai ya taso da maiƙon da ya kwanta a kai. Na shiga shataletale a giya ta biyu, gudun bai fi 40 ba, ina fitowa na ɗan taka totur kamar yadda na saba, kawai sai na ji bayan motar ya tafi gefe shi kaɗai babu ko ƙara, kafin in gane me ke faruwa na juye ina fuskantar inda na fito. Akwai wani mutum a kan keke a gefen titi, tsakanina da shi bai kai tsawon motar ba. Har yau ina ganin fuskarsa. Bai ce min komai ba, ya dube ni kawai ya gyara kayan da ya ɗauro ya wuce, ni kuma na gangara gefe na kashe mota na fi minti goma ƙafata tana rawa a kan kuloci.

Washegari na kai ta wajen wani dattijon bakanike da aka min kwatancensa, mutum ne mai ƙarancin magana. Na gaishe shi nace Baba motar nan ce ta zame min jiya, ko akwai matsala a ƙafar baya. Bai buɗe bonet ba, bai ɗaga ta a jak ba, durƙusawa ya yi ya goge gefen taya da babban yatsa ya ce ɗana zo ka karanta min wannan. Lambobi huɗu ne a cikin wani ɗan zagaye bayan rubutun DOT, 3113. Yace ka san ma'anarsa, nace a'a Baba. Yace sati na 31 na shekarar 2013 aka yi tayar nan, ta haura shekara goma, zanenta yana nan da kauri shi ya ruɗe ka amma robar ta bushe ta zama kamar katako, ya danna farcensa a jiki ko alama bai bari ba, sannan ya nuna min ƙananan tsage-tsage a cikin ramin zanen da sai ka kawo ido kusa za ka gansu. Malam Edita tun shekarar 2000 haka ake rubuta ranar haihuwar kowace taya, biyun farko sati biyun ƙarshe shekara, kuma kamfanonin taya irin su Michelin da kansu suna cewa in ta kai shekara goma a cire ta ko da zanenta bai cinye ba. Ni da na yi wata guda ina binciken launin rim ban taɓa jin wannan ba.

Bai tsaya nan ba, ya sa yaronsa ya kwance ƙafa ɗaya, ya ce in je in ɗauko ta kamfani da na jingine a gida. Ya ɗora su a sikeli ɗaya bayan ɗaya, sabuwar ta fi tsohuwar da kusan kilo 4. Ƙafa huɗu kenan kilo 16. Yace nauyin da ke cikin mota daban, nauyin da ke jikin ƙafa daban, don shi na ƙafa sifirin ba ya ɗauke da shi, shi ne yake hawa yana sauka da kowane gargada, in ya yi yawa shokozoba ba ya iya danne shi da wuri sai taya ta riƙa rabuwa da ƙasa, ga shi kuma juyawa yake, injin sai ya wahala kafin ya juya shi birki ma sai ya wahala kafin ya tsayar da shi. Da ya buɗe but ya ga akwatin sifika kuwa girgiza kai kawai ya yi, yace ka ɗora kaya a can ƙarshen wutsiya a motar da aka auna gabanta da bayanta daidai. Daga baya na karanta cewa injiniyoyin da suka zana irin tawa giram-giram suka riƙa bin kayanta suna ragewa, har madubin ciki sai da suka sake masa fasali don su rage giram 84. Giram 84 fa. Ni kuma cikin sati biyu na mayar mata da kilo sama da talatin ina ganin gyara na yi. Garin neman gira a rasa ido kenan.

Abinda muka yi bayan nan shi nake so masu karatu su ji, don shi ne ya kamata ya zo farko. Mun mayar da rim ɗin kamfani da sababbin tayoyi huɗu iri ɗaya a girman da aka rubuta a jikin ƙofar direba, aka yi balansin aka yi alaimen na ƙafa huɗu, ashe ƙafar baya ta dama ma ta ɗan kauce tun kafin in saya. Aka juye baƙin mai da filta, aka juye man giyabos da na aksil ɗin baya wanda da alama tun da aka ƙera motar ba a taɓa shi ba, aka canza fulogi da filtar iska. Man birki kuwa da aka zuƙo shi ya yi duhu sosai, Baba yace shi wannan man ruwa yake sha daga iska a hankali, sabon man birki irin wanda ake kira DOT 4 sai zafi ya kai digiri 230 kafin ya tafasa, amma in ya sha ruwa yana iya saukowa wajen 155, ranar da ka sauko gangara kana ta taka birki ya tafasa sai ka ji feda ta tafi ƙasa babu komai, shi yasa ake cewa duk shekara biyu a canza shi. Ya duba robobin lagireto da tankin ruwa na roba wanda tsufa da zafi suka mayar da shi ruwan ɗorawa, yace kar mu jira ya fashe a hanya, muka canza. Ya jona 'yar na'urarsa a ramin OBD da ke ƙasan sitiyari, irin ramin da doka ta wajabta wa motocin Amurka tun 1996, ya karanta abinda kwamfutar motar ta ajiye. Abu ɗaya da ya faranta min rai shi ne injin nan sarƙa ce ke haɗa lokacinsa ba bel ba, don haka wannan kashe kuɗin ya wuce ni.

Akwai kuma wani abu da ba don shi ba da ban gano ba sai ɓarna ta yi nisa. Ya ɗaga kafet ɗin bayan kujera ya sa hannu, sai ga soson ƙasa jiƙe sharkaf, dama ina jin ɗan warin danshi ina ɗauka haka tsohuwar mota take. Ashe duk mota mai rufin tanti tana da 'yan magudanai a inda rufin yake kwanciya, ruwan da ya gangaro ta nan yake bi ya fita ƙasa, to ƙura da ganye sun toshe su an bar su haka, ruwa sai ya koma ciki. Da wani dogon siririn burushi ya zura a hankali, sai ga baƙin ruwa yana zuba ƙarƙashin motar. Aikin minti biyar, amma da an bar shi damina ɗaya ko biyu tsatsa ce za ta cinye ƙasan motar da wayoyin da ke wajen.

Ranar da na karɓo ta, kwana ta farko da na shiga na gane ashe ban taɓa tuƙa ainihin motar da na saya ba sai ranar.

Kar a ɗauka ina yaƙi da kwalliya ne, ko kaɗan. Wanda ya sayi irin wannan motar don so ya saya, kuma mai so dole ya so ya sa hannunsa a abinda yake so, ni ma har yanzu ina saka mata abubuwa. Na canza kan giya zuwa wani mai ɗan nauyi da ya zauna min a tafin hannu, kuma kullum na kama shi sai na ji daɗi. Na sa kyamarar gaba mai ɗaukar hanya, na sa mariƙin waya a inda ba zai tare min gani ba, na sayi rigar rufe ta saboda rana tana cin tanti da fenti, na sayi maganin wanke tantin da na hana shi shan ruwa, fitilun gaba da suka yi hazo aka goge su aka shafa musu abin kariya suka dawo garau. Na sa tabarmar ƙafa amma wadda aka yanka daidai da motar mai maƙalewa a ƙugiya, kuma wannan ba ƙaramin abu bane, a 2009 Toyota ta kira motoci kusan miliyan 3.8 a Amurka saboda tabarma tana iya zamewa ta danne totur, to ina ga wadda aka saya ba a auna ba aka shimfiɗa a kan wata. Sannan irin tawa ba ta zuwa da safaya, ɗan famfo ne da gorar ruwan faci, na duba gorar ashe wa'adinta ya wuce da daɗewa, na sake wata. Duk waɗannan ba wanda zai tsaya a titi ya yaba maka su, amma ni da nake cikinta kullum ni na san amfaninsu.

Inda nake da ja sosai shi ne kwalliyar da wani ne yake biyan kuɗinta da lafiyarsa ko barcinsa. Salansar nan da na saya kwana tara ta yi a jiki na cire, don na tada motar da asuba na ji jaririn maƙwabta ya fashe da kuka, kuma a doguwar tafiya wani gunji take yi a cikin kai wanda bayan awa ɗaya ba ka son jin komai. Wasu ma har tukunyar tace hayaƙi suke fasawa wai don ƙarin gudu, abinda suke samu wutar cek injin ce da ba ta mutuwa da warin hayaƙi da na bayansu zai shaƙa. Sai ƙwan fitila na LED da ake cusawa a gidan da aka yi don halojin, kai a ciki kana ganin fari tas kana murna, amma madubin gidan ba don shi aka lanƙwasa shi ba, hasken sai ya watse ya shiga idon mai tahowa, a Ingila tun 2021 motar da aka yi wa haka faɗuwa take a gwajin lafiyar mota na shekara. Haka baƙin gilashi, a can doka ta ce gilashin gaba ya bar kashi 75 na haske ya wuce, na gefen direba kashi 70, kuma duk wanda ya taɓa neman mai tafiya a ƙasa da daddare ta cikin gilashi mai duhu ya san dalili. Wanda ya fi ɗaga min hankali shi ne masu cire sitiyarin kamfani su sa ƙarami na 'yan tsere, sun cire jakar iskar da za ta tare musu fuska kenan, alhali ɗan tsere na gaskiya hular kwano gare shi da bel mai maɗauri da yawa da ƙarfen kariya kewaye da shi, kai kuma ba ka da ko ɗaya. Fiffiken baya dai ba na cewa komai, a gudun cikin gari ba abinda yake dannewa, sai dai ka huda but ɗinka ka buɗe wa tsatsa ƙofa.

Wani abu kuma da rubutunku bai taɓo ba, duk abinda ka canza a mota ka sanar da kamfanin inshorarka, don in tsautsayi ya faru suka tarar da abinda ba a gaya musu ba suna iya ƙin biya. Kuma duk abinda ka kwance na kamfani kar ka yar kar ka sayar, ka sa a kwali ka rubuta sunansa ka ajiye, ni ba don rim ɗina na asali suna jingine a gida ba da sai na sake nemansu da tsada. Ranar da za ka sayar da motar ma mai saye da ya san abinda yake yi wadda ba a taɓa ba yake nema, in ya ga an yanka waya an huda nan an sauke can, abinda zai fara zuwa ransa shi ne an wahalar da ita.

Roƙona gare ka Malam Edita, ku sake waiwayar maganar nan a shafin motoci, ku samu bakanike ya zauna da wakilinku ya nuna wa mutane da hoto inda ake karanta shekarar taya, yadda ake gane man birki ya gaji, da abinda ya kamata mutum ya yi a watan farko in ya sayi mota ta hannu musamman mai tura baya, don yawancinmu a mota mai jan gaba muka koyi tuƙi kuma halinsu a kan jiƙaƙƙen titi ba ɗaya bane. Matasa da yawa suna karanta ku, kuma abinda suka gani a jarida suna ɗaukarsa da muhimmanci.

Sifirin ɗin sauke motar ya iso daga baya, yana nan a kwalinsa ban ko yanke salatif ɗin ba. Na tambayi Baba ko in saka, yace ɗana ka tuƙa ta wata shida a yadda take tukuna, in ka zo ka iya gaya min takamaimai abinda take yi a kwana da ba ka so, sai mu duba ko sifirin ne maganinsa ko shokozoba, in kuma ba ka da abin faɗa ka mayar musu da kayansu. Saura wata uku, kuma zuwa yau ban samu abinda zan gaya masa ba.

Na gode da ba ni fili, Allah ya ƙara basira.

Naku,
Mai bibiyar shafin motoci